Jitar da ta bi ta Sakkwato ta girgiza duniya, mu ko a jikinmu

1/ Jama'a ku matso, zaren yau dogo ne, kuma zai ɓata wa wasu rai. Maganata ɗaya ce: faifan rok mafi zafi da aka yi a zamaninmu ɗan maƙwabtanmu ne ya yi shi, ɗan jihar Tawa a Nijar. Sunan faifan Afrique Victime, mai shi Mdou Moctar, shekarar 2021. 🧵

2/ Ga abin haushin. Faifansa na farko a Sakkwato aka ɗauke shi. Sakkwaton nan da mutum zai tashi daga Masama da safe, ya gama harkarsa ya dawo gida ya ci tuwon dare. Amma je majalisar samari a Gwandu ko Kalgo ko Birnin Kebbi ka ambaci sunansa, ka ga kallon da za a yi maka.

3/ Ga wanda bai san rok mai nauyi ba: mutum huɗu ko biyar ne, da jitar lantarki, da jitar bes mai kaurin murya, da ganguna. A jona jita da amfilifaya, a murɗa har sautin ya fara tsagewa. Wannan tsagewar da za ka ce sifika ce ta lalace, ita ake nema. Da gangan ake yi.

4/ Masu wannan harka suna da faifan da suke rantsuwa da su. Na huɗu na Led Zeppelin, 1971. Na farko na Van Halen, 1978. Back in Black na AC/DC, 1980. An shekara fiye da 40 ana jin su, uba ya gadar wa ɗa. Ni na ce Afrique Victime ya shiga sahunsu, kuma zan kawo hujja.

5/ Kafin nan bari mu sallami masu cewa "ai wanga kiɗan Turawa ne, mi ya haɗa mu da shi?" Ɗan uwa, waƙar da ta rufe faifan Led Zeppelin ɗin can, When the Levee Breaks, ta baƙaƙen fatar Amurka ce. Memphis Minnie da Kansas Joe McCoy suka yi ta tun 1929. Turawan ara suka yi.

6/ Rok daga kiɗan bulus ya fito, bulus kuwa na jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma ne. Banjo da ake kaɗawa a Amurka, bayin ne suka fara haɗa ta da ƙwarya da fata da sanda. Kalli hoton tsohuwar banjo ka kalli gurmi. Ko ba a faɗa maka ba ka san akwai dangantaka.

7/ Wanda duniya ta fi sallama wa a jitar lantarki, Jimi Hendrix, baƙar fata ne, bahago, ya rasu a 1970 yana ɗan shekara 27. Shi kansa mawaƙin Led Zeppelin, Robert Plant, a 2003 ya taka har Essakane a hamadar Mali don bikin kiɗan Abzinawa. Su sun san inda tushen yake. Mu ne ke musu.

8/ Kuma ko a Najeriya rok ba baƙo ba ne. A 1973 wasu 'yan makarantar sakandare a Legas, ƙungiyar Ofege, suka fitar da Try and Love, jita na kuka kamar me. Saboda haka batun "ba al'adarmu ba" a ajiye shi. Fiyanon da ke cikin kowace waƙar fim ɗin Hausa ma ba a Kurmi aka ƙera shi ba.

9/ To wane ne Mdou Moctar? Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine, ya tashi a yankin Abalak da Cintabaradan. Gidansu gidan addini ne, ba a son kiɗa. Ya ga Abdallah Oumbadougou na kaɗa jita, abin ya shiga ransa. Babu kuɗin saye, babu ma inda zai saya.

10/ Sai ya samo katako, ya zare wayar birkin keke ya yi tsirkiya da ita. Jitarsa ta farko kenan. Idan wannan ya tuna muku Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa na gwangwani mai tsirkiya ɗaya, ai hanyar ɗaya ce: talaka ya haɗa abin kiɗa da abin da ya tsinta, duniya ta zo ta saurara.

11/ A 2008 ya tsallako Sakkwato ya shiga sitidiyo. Abin da masu sitidiyonmu suka iya shi suka yi masa: gangar kwamfuta, da ototun, wato na'urar nan mai lanƙwasa murya ta koma kamar ta aljana, irin ta waƙoƙin fim. Aka ɗora a kan jitar Abzinawa. Faifan ya fito da suna Anar.

12/ Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Sautin da wasu ke raina wa, na "nanaye", shi ne sautin da ya fara fitar da sunan mutumin da yau ake jera shi da gwanayen jita na duniya. Hannunmu na cikin wannan tarihi dumu-dumu. Amma wa ya taɓa faɗa muku a rediyo ko a aji?

13/ Anar bai shiga shago ba. Ta Bluetooth da memori ya yi tafiya, daga wayar direba zuwa ta mai shayi, daga Agadas har arewacin Mali. Babu hoton mawaƙi, sau da yawa babu ma sunansa. Irin dai yadda muke tura waƙa har gobe: "turo min waccan mai daɗin", shike nan.

14/ A can arewacin Mali wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, yana bi yana kwafar waƙoƙi daga wayoyin mutane. Ya ji wata mai suna Tahoultine, ya bi diddigi har ya gano mai ita. A 2011 ta fito cikin tarin Music from Saharan Cellphones.

15/ A 2014 kamfanin ya buga Anar a faifan garmaho. Ku lissafa: an ɗauka a Sakkwato, an shekara 6 yana yawo a wayoyinmu, sai da mutum ya taso daga Amurka kafin a rubuta sunan mai waƙar a jikin kwali. Wannan abin kunyar namu ne, ba na Bature ba.

16/ Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2015 ya fito a fim da harshen Tamashek da aka ɗauka a Agadas, wanda aka gina kan Purple Rain na Prince. A 2019 ya yi faifan Ilana a Amurka tare da cikakkiyar ƙungiya. Sai Mayun 2021, kamfanin Matador na Niyok ya fitar da Afrique Victime.

17/ Su huɗu ne. Mdou da jitar gaba, bahago kamar Hendrix. Ahmoudou Madassane da jita ta biyu. Souleymane Ibrahim a kan ganguna. Mikey Coltun, Ba'amurke, da bes, shi ne kuma ya haɗa sautin. Waƙa 9 ce, ba ta kai awa ɗaya ba. Babu ciko ko ɗaya a ciki.

18/ Me ya sa yake kama mutum? Na farko, gudun kiɗan. Rok ɗin Turawa yawanci yadda ya fara haka zai ƙare. Nan kuwa kiɗan yana ƙara wuta yana ƙara gudu, kamar kalangu a filin dambe idan an haɗa gumi. Wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya ji ƙirjinsa na bugawa ya san abin da nake nufi.

19/ Na biyu, tsarin waƙar namu ne. Jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa, a tafa. Jitar Ahmoudou tana maimaita zubi ɗaya ba ta gajiya, kamar mai garaya, ta Mdou kuma tana shawagi a sama kamar goge. Kunnen da ya saba da Kassu Zurmi ko Garba Liyo ba zai ɓata hanya a nan ba.

20/ Na uku, yatsun mutumin. Ya kalli bidiyon Eddie Van Halen, ya ɗauki dabarar buga tsirkiya da yatsu a wuyan jita, ya juya ta ta koma yaren hamada. Saurari waƙar farko, Chismiten. Minti ɗaya ya isa ka gane ba kwaikwayo yake ba, nasa yake yi.

21/ Kuma ba duka ne ruri ba. Tala Tannam da Layla da jitar katako aka yi su, a hankali, irin na hirar dare a kan tabarma ana dafa shayi. Manyan faifan rok haka suke, a ƙona ka sannan a yayyafa maka ruwa. Faifan Led Zeppelin na 1971 ma da wannan ya ci kasuwa.

22/ Sai waƙar da aka sa wa faifan sunanta, ta fi minti 7. Ma'anar sunan: Afirka wadda aka zalunta. Tana farawa kamar makoki, ta ƙare kamar guguwa. Idan ka kai ƙarshenta ba ka ji tsigar jikinka ta tashi ba, duba iyafis ɗinka, halan na ɗari biyu ne.

23/ Zaluncin da yake magana a kai ba tatsuniya ba ce. Daga farkon shekarun 1970 kamfanin Faransa ya shafe shekaru da dama yana haƙar yuraniyom a Arlit, ana kunna fitilun Faris da shi. Nijar ɗin da ke da ma'adinin kuwa, kafin juyin mulkin 2023, mafi yawan wutarta daga Najeriya take saye.

24/ Kun san ta ina wutar ke bi? Ta gabanmu. Layin ya tashi daga Birnin Kebbi ya nufi Doso da Yamai. Da sojoji suka yi juyin mulki ran 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta datse shi, aka rufe iyaka. Tambayi 'yan kasuwar Kamba da Illela yadda watannin nan suka kasance.

25/ A lokacin kowa a nan ya zama masanin siyasar Faransa, ana ta sauya hoton furofayil zuwa tutar Nijar. To wannan bawan Allah ya riga ku da shekara 2, ya faɗa a dandalin Turawan da kansu, a gaban masu sayen tikitinsa. Ku da kuke ihun kishin Afirka, ko waƙarsa ɗaya kun sani?

26/ Juyin mulkin ma a Amurka ya riske su suna yawon wasa, hanyar gida ta toshe. A zaman jiran nan suka sake ɗaukar waƙoƙin faifansu na gaba da jitar katako. Funeral for Justice ya fito a 2024, Tears of Injustice a 2025. Mutanen nan abin da ya same mu ya same su.

27/ Yanzu masu cewa "ba mu jin yarensa". Haba malam. Iyayenmu sun shekara nawa suna kallon fim ɗin Indiya a silima, suna hawaye, ba su san kalma biyar ta Hindi ba? Kai da kanka jiya kana rawar amafiyano da Zulanci. Sai a kan Tamashek ne kunnenka ya tuna yana da sharaɗi?

28/ Mu faɗa wa juna gaskiya. Matsalar raini ce. A idon da yawanmu Ba'abzine "Buzu" ne, mai gadin ƙofa, mai rawani da butar shayi, wanda ake kwaikwayon Hausarsa a fim don a yi dariya. Zuciyar da ta ajiye mutum a bakin get ba za ta yarda shi gwanin duniya ba ne.

29/ Alhali Hausa da Abzin tare suka tashi. Ayarin gishirin Bilma, fataken Agadas, auratayya, unguwannin Agadasawa a biranenmu. Iyakar da ta raba Sakkwato da Ƙonni, Ingila da Faransa suka zana ta. Mun riƙe layin Bature gam, sannan muna zagin jita wai ita ce ta Bature.

30/ Masu maganar addini kuma: wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya don tsoron Allah, ina girmama shi, kuma zaren nan ba da shi nake ba. Da kai nake, mai waƙa 400 a memori, mai bin DJ gidan biki, wanda fatawarsa ba ta tashi sai an ɗauko abu mai tsirkiya.

31/ Wannan tsohon ciwo ne. Mai goge da mai garaya da mai kukuma sun daɗe ana musu kallon 'yan bori da mashaya. Makaɗin fada a ba shi riga da doki, mai tsirkiya a ba shi bayan gari. Da fiyano ya zo sai muka samu hanyar jin kiɗa ba tare da mun ga makaɗi ba, muka huta.

32/ Sakamakon? Ahmadu Doka da Hassan Wayam a kukuma, Haruna Uje a gurmi, Ɗan Maraya da ya rasu a 2015. Ka lissafa min matasa biyar da suka gaje su waɗanda ake sa waƙarsu a gidan biki yau. Ina jira a ƙasan zaren nan. Ba gatse nake ba, in akwai ina son in ji su.

33/ Abzinawa nasu abin kiɗan gargajiya suka ɗauka, tahardant da kiɗan takamba, suka zuba a jitar lantarki. Tinariwen suka ci Grammy a 2012. Bombino ɗan Agadas ya yi Nomad a 2013. Al'adar ba ta mutu ba don an jona ta da wuta, ƙara tsawon rai ta yi.

34/ Kada wani ya ce Hausa ba ta hawa jita. Tal National na Yamai suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, jita na gudu kamar an koro ta. Faifansu Kaani ya fito a 2013 ta wani kamfanin Ingila. Harshenmu ya hau, mu ne ba mu hau ba.

35/ Akwai masu cewa "ai Turawa ne ke cin kuɗin, su ke juya su". Wannan magana akwai ƙamshin gaskiya. Kamfanin a Niyok yake, manyan wasannin a Turai da Amurka ake yi, mujallun da suka sa faifan cikin gwanayen 2021 nasu ne. Ba daɗi a ce sai baƙo ya nuna maka ɗan uwanka.

36/ Amma wa ya hana mu? Wa ya riƙe hannun attajiranmu? Mu da muke zuwa wurin masu tura waƙa a kasuwa a cika mana memori da 'yan canji, mawaƙi bai ga ko sisi ba. Wanda bai taɓa biyan kuɗin waƙa ba, ba shi da bakin zagin wanda ya biya.

37/ Kuma ba Mdou kaɗai ba ne. Kaset ɗin Mamman Sani na 1978, kiɗan ogan na lantarki daga Yamai, Sahel Sounds ne ya tono shi ya sake bugawa a 2013. A shekarar dai suka buga Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, a faifan garmaho. Har nanayen namu wani ke adana mana.

38/ Abin da ke mayar da faifai gagara-badau shi ne a ajiye shi, a san wa ya kaɗa me, a wace shekara, yaro ya ji ya ce shi ma zai koya. Back in Black na raye ne don an yi masa haka. Mu kuwa waya ta faɗa ruwa, tarihin gari guda ya tafi.

39/ Gadon Afrique Victime ya riga ya fara aiki a can arewa. A Agadas jita ce kiɗan biki, yara na tashi suna ganin wanda ya fara da wayar birki ya zagaya duniya. Tambayar ita ce ko gadon zai tsallako kudu, ko kuwa zai tsaya a kan iyaka kamar motar da ba ta da takarda.

40/ To me za a yi? Na ɗaya, mai sauƙi: nemi faifan ka ji shi daga farko zuwa ƙarshe, a jere, ba tsalle. Da iyafis mai kyau ko sifika mai bes, ba bakin waya ba. Ka ji sau biyu. In bai yi maka ba bayan haka, ka zo ka zage ni, na yarda.

41/ Na biyu, masu sitidiyo na Birnin Kebbi da Sakkwato da Kano: ku kira mai goge ko mai gurmi na gaske, ku jona masa makirfo, ku murɗa amfilifaya, ku sa mai ganga ya bi shi da hannu. Ku biya shi kuɗin aiki, ku rubuta sunansa. Ko sau ɗaya ku bar fiyanon ya huta.

42/ Na uku, ɗaliban jami'ar tarayya da ke Kalgo da ta jiha da ke Aliero, da duk mai waya mai kyamara: a ƙauyukan Gwandu, Jega, Argungu da Yawuri akwai dattawan da ke kaɗa abin da babu shi a intanet. Ku nemi izininsu, ku ɗauka, ku rubuta suna da gari da kwanan wata, ku ba su goro mai kauri.

43/ Na huɗu, in ka ga yaro a unguwa ya ɗaure waya a gwangwani yana tinƙis-tinƙis, kada ka fasa masa. Ba kowane ne zai zama Mdou ba, amma wanda zai zama ɗin ma da haka zai fara, kuma yawanci wani babban yaya ne mai ganin ya fi kowa hankali ke kashe abin tun a tsakar gida.

44/ Na biyar, gyara bakinka a kan maƙwabta. Mutumin da ke gadin shagon babanka yana da harshe mai rubutunsa na kansa, Tifinag, da kiɗan da ake sayen tikiti a Landan don a ji. Gaishe shi da sunansa. Ka tambaye shi wa yake saurare, za ka sha mamaki.

45/ Sakkwato ta ba Mdou Moctar faifansa na farko ba ta san ta yi ba. Na gaba da zai shigo sitidiyonmu da jita a kafaɗa, ko da gurmi a buhu, a tambayi sunansa a rubuta. Masu zagi bismillah, akwatin amsa a buɗe yake, amma sharaɗi ɗaya: sai wanda ya ji faifan tukuna.